Ɗan Fari da Agogon Magani

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Argungu a zamaninmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce wa wanda ke kusa, "Ina wancan?" Idan na shigo zaure yana tare da mutane, sai ya mai da fuskarsa gefe ya ci gaba da maganarsa kamar iska ce ta ɗaga labule. Inna ma haka, har ta fi shi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce. Haka aka yi wa Baba, haka ni ma na yi wa babban ɗana daga baya. Amma sanin dalilin abu bai hana shi yi maka ciwo.

Tsakanina da autanmu mata ne, kuma duk suna gidajen mazansu tun kafin abin da zan ba da labari. Shi auta ba a jin kunyarsa. Baba kan ƙwala masa kira daga zaure har a ji a cikin gida, ya ci tuwo da shi a kwano ɗaya, ya yi masa tsiya su yi ta dariya. Ni na tsaya a firamare na bi Baba fadama, shinkafa da damina, albasa da rani. Auta ya ci gaba da karatu har ya sami aikin gwamnati a Sakkwato. Da aka ba mu jiharmu sai aka dawo da su Birnin Kebbi, shi da sauran 'yan ƙasarmu, ya matso kusa da gida. Kusan kowace Asabar yana tafe a kan babur ɗinsa.

A shekarun nan ne hawan jini ya kama Baba. Ya fara da ciwon kai da jiri, har wata rana ya zauna a bakin rijiyar lambu ya kasa tashi. Likita ya rubuta masa ƙwayoyi, a sha da hantsi bayan an karya kumallo, a sake sha bayan La'asar, ya kuma ja mana kunne cewa ba irin maganin da ake bari don an ji sauƙi ba ne. Baba mutum ne mai mance duk abin da bai shafi gona ko masallaci ba. Inna kuma ba ta bambanta farar ƙwaya da 'yar'uwarta. Sai aikin ya faɗo kaina ba tare da kowa ya ce in ɗauka ba.

Ta haka na sami abin da ban taɓa samu ba tun ina yaro. Da hantsi in shiga ɗakinsa da ƙoƙon ruwa da ƙwaya a tafin hannu, in durƙusa. Ya karɓa bai dube ni ba. Likita ya ce a ɗan zauna da shi bayan ya sha ko jiri zai taso, to sai in zauna a gefen tabarma. Wani lokaci ya tambayi ƙofa, ba ni ba, ko ruwa ya ja baya a gulbi, ni kuma in ba ƙofar amsa. Wani lokaci ba ya cewa komai, sai numfashinsa da ƙarar tasbaha. Ɗan fari ba ya zama gaban ubansa haka kawai, sai da dalili. Ni kuwa ga dalili a hannuna safe da yamma. Ko ina can ƙarshen fadama, in rana ta karkata sai in wanke ƙafa in hau keke. Mutane suna cewa ina da biyayya. Ban gaya wa kowa ba cewa ni nake cin moriyar abin.

Wata Asabar auta ya zo da wani abu a aljihun rigarsa. Ƙaramin akwati ne na roba, ruwan toka, bai fi gidan sabulu ba. A ciki akwai 'yan ɗakuna na zuba ƙwaya, a sama kuma ɗan gilashi inda lambobi ke canzawa kamar na agogon hannu. Wani abokin aikinsa da aka tura kwas ƙasar waje ne ya sayo masa. Ya ajiye shi a kan tabarma gaban Baba, maƙwabta suka matso, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofar zaure, inda na saba tsayawa. Ya daddanna wani wuri, muka ɗan jira, sai abin ya soma kuka siriri kamar ɗan tsako da ya ɓace wa uwarsa. Baba ya ja baya, sannan ya fashe da dariya, irin dariyar da ni daga nesa kawai nake jin ta.

"Wanga abu shi ka sanin lokacin magani na?" in ji Baba.

"Ya sani, Baba," in ji auta. "Ba shi barci, ba shi mantuwa, ba shi zuwa fadama."

"To ya hi ni hankali. Allah shi yi maka albarka."

Maƙwabta suka ce amin. Ni ma na ce amin, amma maganar fadamar nan ta soke ni. Auta ya juyo yana murmushi ya ce, "Yaya, ina kwalaben maganin?" Na shiga ɗakina na ɗauko su daga bayan madubi inda nake ajiye su, na kawo. Ya zuba ƙwayoyin ɗaki-ɗaki, ya nuna wa Baba inda zai danna in abin ya yi kuka, ya miƙa wa Inna sauran kwalaben ta adana.

Washegari da hantsi na ɗebo ruwa a ƙoƙo kamar kullum, don ƙafata ba ta ji labarin an sauya aiki ba. Kafin in kai ƙofarsa na ji kukan abin, na ji ya tsaya. Da na yi sallama na ɗaga labule, Baba ya riga ya haɗiye da sauran kunun da ke gabansa, yana shafa murfin akwatin da babban yatsa. Ya ga inuwata. Ya ce wa bango, "An sha." Na tsaya da ƙoƙo a hannu. Babu ƙwaya da zan miƙa, babu dalilin durƙusawa, balle na zama. Na ce, "To, madalla," na saki labulen, na je na zuba wa tumaki ruwan.

Baba ya raɗa wa akwatin suna, ɗan aiken auta. Katanga ɗaya ce tsakanin sashena da ɗakinsa, don haka duk lokacin da nake gida ina jin komai. Abin ya yi kuka, Baba ya ce, "Na ji, na ji, ga ni," kamar yana amsa kiran mutum. Sannan a ji ya kira sunan auta ya sa masa albarka, safe da yamma, babu fashi. Ni na yi shekaru ina kai masa magani da hannuna, ban taɓa jin an sa mini albarka da kunnena ba. Na san ba zai iya ba. Na san mai yiwuwa yana yi a zuciyarsa, ko a sujada. Amma abin da ke zuciya ba ya haye katanga, wannan kuwa yana hayewa.

Ba zan yi wa kaina ado ba, halina ya ɓaci a lokacin. Na riƙa fatan batirin abin ya mutu, sai na ji auta ya bar wa Inna wasu a ƙulle cikin takarda. Na yi fatan ya faɗa randa. In auta ya zo ranar Asabar ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa a taƙaice in ce ina da ban-ruwa, in ɗauki keke. Matata ta sha faɗan da ba nata ba, a kan gishiri, a kan tsintsiya. Wata rana ta ce, "Malam, wai da akwati kake gaba?" Na daka mata tsawa, don ta faɗi gaskiya. Na daina dawowa da La'asar. Sai in zauna a inuwar bukka a lambu in ga rana ta kai inda nake hawa keke, in san can gida abin yana kuka, in ci gaba da zama.

Akwai taubashina, ɗan ƙanwar Baba, mai tuƙa motar haya tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Shi bakinsa ba ya da linzami a kaina, kuma al'ada ta ba shi dama. Tun da na fara kula da maganin Baba yake kira na Likita. Da labarin akwatin ya kai masa, sai ya tare ni a ƙofar masallacin Juma'a.

"Likita, ashe an sallame ka? Ba ko takardar godiya?"

"Tahi ka gyara burkin motarka."

"Ka yi haƙuri, haka aikin gwamnati shike. An kawo wanda ya hi ka karatu. Kuma shi ba shi cin tuwo."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, don ba a fushi da taubashi a fili. Amma na tafi gida da maganar.

Haka muka tafi har azumi ya kama, a farkon zafi, lokacin cire albasa. A shekarun baya, in azumi ya zo nakan mai da maganin Baba zuwa sahur da kuma bayan buɗa baki, kamar yadda likita ya shirya mana tun farko. Ba wanda ya taɓa lura da haka, don ni kaɗai ke yi. Ranar farko ta azumin nan ina tsakar gida da hantsi ina gyara buhuna, sai na ji abin ya yi kukansa kamar kullum. Na tsaya da basilla a hannu. Daɗi ya kama ni, Allah ya yafe mini. Na ce a raina, to ga gwanin naku, bai san an ga wata ba. Na ji Baba ya danna shi, ya sa wa auta albarka. Bayan La'asar ma haka.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in karɓi ƙwayoyin in ci gaba da ba shi da hannuna. Amma na so a kira ni. Na so ko sau ɗaya a ce, "Ina wancan? Ya zo ya duba maganin nan." Na zauna ina jira. Shi kuma Baba, yanzu na gane, bakinsa ba zai iya buɗewa ya nemi ɗan fari a kan lalurar jikinsa ba. A da ma ba shi ya kira ni ba, ni na zo. Inna ita ma ba za ta iya tarar fuskata da magana ba. Ga mu gida ɗaya, katanga ɗaya, kowa yana jiran wani. Auta kuwa bai zo a Asabar ɗin farko ba, aiki ya riƙe shi.

Bayan 'yan kwanaki matata ta same ni da safe ina ɗaure buhu a keke.

"Malam, Inna ta ce in hwaɗa maka, ba wai ta aiko ni ba."

"To in ba ta aiko ki ba, mi ya kawo ki?"

"Ta ce jiya Baba zaune ya yi Isha'i. Kuma tun da anka kama azumi ɗakunan akwatin nan cike suke. Da rana in ya yi kuka ba halin sha, da dare kuma ba shi kuka. Ta yi mashi magana, ya ce azumi da kanshi magani ne."

Na sauke buhun. Na tsorata, wannan gaskiya ne. Amma ko a lokacin ban yi abin da ya fi sauƙi ba. Na ce ta je ta karɓo mini akwatin ta hannun Inna, ta gaya mata za a kai shi gyara. Na sa shi a aljihu na nufi tasha. Na gaya wa kaina cewa auta kaɗai ya iya saita shi. Abin da ke raina daban ne: so nake in ajiye masa kayansa a gabansa ya ga ɓarnar da ya yi, ya ce a bar shi, aikin ya dawo hannuna.

Motar taubashina ce ke kan layi. Ya sa ni gaba, ni da wani dattijo mai kai kifi busasshe Birnin Kebbi. Muna cikin tafiya, mun doshi Zauro, sai aljihuna ya soma kuka. Mutanen baya suka soma leƙowa. Na ciro shi na danna nan na danna can, ya ƙi yin shiru. Duk watannin nan ban taɓa riƙe shi ba, ban ko yarda na dube shi da kyau ba.

"Jama'a, kada ku tsorata," in ji taubashina, "maigidan likita ne ka kira nai."

"Rediyo ce?" in ji dattijon.

"A'a, Baba, kishiya tai ce. Ya sato ta za ya kai ta gulbi."

"Dubi hanya," na ce.

"Ba ka ko iya rarrashinta ba? Kawo nan." Ya miƙo hannu ɗaya ya danna wani ɗan maɓalli a gefe, abin ya yi shiru. "Kawu ya gwada min tun kwanaki. Kowa ya iya a gidan, har jikoki. Kai ɗai ka rage."

Wata mata a baya ta tambaya mene ne amfaninsa. Da aka gaya mata sai ta ce da ma uwarta ta sami irinsa, don ita ba ta da wanda zai tuna mata. Na mai da shi aljihu na dubi gonakin shinkafa har muka shiga gari.

Birnin Kebbi a lokacin ta cika ta batse da ma'aikatan da aka kwaso. Ofisoshi ba su isa ba, wasu tebura a baranda suke, wasu a ƙarƙashin itace. Na yi ta tambaya har aka nuna mini auta a wata baranda, su da yawa a tebur ɗaya. Da ya hango ni sai ya miƙe da sauri, fuskarsa ta canza, don ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Ya ja ni gindin wata darbejiya ya rage tsawo.

"Yaya, lahiya? Baba ne?"

"Shina nan da rai." Na ciro akwatin na buɗe masa. "Ga ɗan aikenka. Da rana tsaka shika kiran mai azumi shi sha magani. Tun da anka ga wata Baba bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba."

Na shirya maganar nan tun daga tasha, kuma na faɗe ta da ƙarfi don na kusa su ji. Auta ya dubi ɗakunan a cike. Ya yi salati a hankali.

"Laihi na ne, ban tuna in sauya shi ba," ya ce. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, da mamaki. "Amma Yaya, ai na ɗauka kana shiga wurinshi kamar kullum. Ni don ranakun da kake fadama na sa anka sayo shi, ka huta da hawan keke cikin rana. Kai ba ka shiga ne?"

Na dubi wani mai sayar da rake a bakin titi kamar shi na zo gani.

Bai ƙara tambaya ba. Ya zauna a kan saiwar itacen, ya karɓi tsinken ashana wurin wani masinja, ya tambaye ni yadda likita ya ce a yi cikin azumi. Na gaya masa. Ya soka tsinken a wani ɗan rami, ya daddanna, lambobi suka yi ta gudu. Kafin in gyara tsayuwa ya gama. Na yi tsammanin abu ne mai wuya da zai sa a ce sai an mai da shi inda aka sayo shi. Ashe bai kai ɗaure akuya wahala ba.

Ya riƙe shi a hannu bai miƙo mini ba. "Yaya," ya ce, "in wanga abu shina kawo matsala, bar shi nan. In kai shi gidana, unguwar Gesse, in aje. Ka ce ma Baba ya lalace. Ka ci gaba da ba shi da hannunka, ya hi."

Ga abin da na hau mota dominsa an miƙo mini, ba tare da na roƙa ba. Na ga kaina gobe da ƙoƙon ruwa, na ga gefen tabarmar. Sai kuma na ga Baba da hantsi yana jiran kukan da ba zai zo ba, yana laluben ƙarƙashin matashi. Zan so in ce tausayinsa ne kaɗai ya hana ni, amma ba haka ba ne. Na san Baba. In na koma ba akwatin, ba zai ce komai ba, amma zai gane. Zai san ɗansa na fari, mai 'ya'ya da furfura a gemu, ya yi tafiya har Birnin Kebbi don ya kori abin roba. Wannan kunyar ta fi ƙarfina.

"Kawo," na ce. "Shina son abin nai."

Ya raka ni har bakin titi. Muna jiran mota ya ce, "Kai dai ka ji daɗi, kullum kana ganin shi. Ni sai Asabar." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan. Na ce a raina, kai kana zuwa Asabar a kira sunanka, ni ina nan kullum a kira ni wancan.

Na iso gida rana ta yi ja. Matata ta miƙo hannu za ta karɓi akwatin ta kai wa Inna, na ce ta bari. Bayan mun sha ruwa mun dawo daga Magariba, na bi bayan Baba da ɗan nisa har ya shiga ɗakinsa. Na yi sallama na shiga na durƙusa na ajiye akwatin a gabansa. Na gaya wa ƙofa cewa an gyara shi, yanzu zai riƙa kira bayan buɗa baki da lokacin sahur. Baba ya ɗauka ya juya shi yana dubawa ko an ji masa ciwo. Idanunsa sun yi ja, jijiyar gefen kansa ta tashi. Ba a daɗe ba abin ya yi kuka. Ya danna, ya buɗe, ya sha da kunu, ya kira sunan auta ya sa masa albarka.

Aikina ya ƙare. Nan ne ya kamata in ce "madalla" in tashi. Ban tashi ba. Na gyara na zauna sosai a gefen tabarma, hannuwana a kan gwiwa, babu komai a cikinsu. Ban taɓa yin rashin kunya irin wannan ba a rayuwata. Baba ya ja tasbaha, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya yi gyaran murya. Daga tsakar gida na ji Inna ta daina kwankwasa kwanoni. Na san duk mu biyun muna cikin wahala, kuma na san in na fita yau ba ni da hanyar sake shigowa.

Can sai Baba ya miƙe ƙafarsa ta dama a hankali, har diddigen ya kusa taɓa gwiwata. Ya dubi rufin ɗaki.

"Ƙahwag ga," ya ce, "in marece ya yi sai ta riƙa tsami."

Na kama ta da hannu biyu. Busasshiya ce, duk faso, ƙafar mutumin da ya yi rayuwarsa cikin laka. Na soma matsawa daga idon sawu zuwa sha-raɓa. Bai ce da kyau ba, bai ce bari ba. Muna nan har aka kira Isha'i, kuma bayan 'yan kwanaki ya koma yin ta a tsaye.

Daga ranar kullum da marece ƙafar tana tsami, har bayan Sallah, har shekarun da suka rage masa. Wata rana ta dama ce, wata rana ta hagu. Ina jin shi kansa yakan mance wadda ya ce jiya. Akwatin ya ci gaba da aikinsa, kuma ban ga laifinsa ba, don Baba bai sake tsallake magani ba. Sau da yawa ina riƙe da ƙafar abin zai yi kuka, a sa wa auta albarka a saman kaina. Ban daina jin zafin ba. Na dai koyi ci gaba da matsawa.

Wata Asabar auta ya shigo ya same mu haka. Hankalinsa ya tashi. Ya ce tun yaushe ƙafar ke ciwo ba a gaya masa ba, ya ce akwai wani likitan ƙashi da aka kawo Birnin Kebbi, zai nemi mota ranar Litinin. Ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya ce, "Yaya, kawo in karɓe ka, ka gaji."

Baba ya janye ɗaya ƙafar ya lanƙwashe ta ƙarƙashin riga.

"Bar shi," ya ce. "Wagga ba ta asibiti ba ce. Tahi ka gaida innarka."

Auta ya ɗan tsaya, hannuwansa a buɗe, sannan ya tashi ya fita. Na ga yadda kafaɗarsa ta sauka a bakin ƙofa, kuma na san wannan saukar kafaɗa, don tawa ce ta shekaru. Ya kamata in ji tausayinsa. Ƙanena ne, bai taɓa nufina da sharri ba, har yau kuma da muka tsufa shi ke fara zuwa gaishe ni. Amma a ranar na sunkuyar da kai don kada Baba ya ga fuskata, saboda daɗi nake ji, daɗi mai yawa. Ina neman gafarar Allah a kan wannan ma.